Wai da gaske an samo maganin sikila ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wanda ya sani ya amsa mini tsakani da Allah, kada a ɓoye mini komai. 'Yata shekararta tara, SS ce. Tun shigowar sanyin nan sau biyu muna kwanciya a asibiti, na ƙarshen kwana shida muka yi, har da ƙarin jini leda ɗaya. Jiya ƙanin maigidana ya turo mini wani bidiyo, wai Turawa sun gano yadda za su shiga jinin mutum su goge S ɗin, mai SS ya koma AA, allura ɗaya shi ke nan. Daren jiya ban runtsa ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, a ina ake yi kuma nawa ne? Ina da fili na gadon mahaifina, wallahi a shirye nake in sayar.

Abu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi hattara, kada ki taɓa filin nan. Mun sha ganin irin waɗannan bidiyoyin, ƙarshensu a ce ki turo kuɗin rajista. Sikila sai lallaɓawa. Allah ya ba yarinya lafiya.

LikitaSadiya:
Maman Ilham, sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Abu Hanif, gargaɗinka a kan hanya yake, amma wannan karon akwai gaskiya a maganar, sai dai mai bidiyon ya ƙara mata gishiri. Maganin sunansa Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka haɗa shi. Birtaniya ce ta fara amincewa da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba na wannan shekarar. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da ciwo mai tsanani ya tashi musu ba. Ga wanda ya san mene ne tashin ciwon sikila, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ba allura ɗaya ba ce, kuma ba a goge S. Yana nan daram. Sannan a lokacin da aka amince da shi, sai wanda ya kai shekara 12 ake yi wa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, ban da kuɗin gado da jinya.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Miliyan biyu na dala, Likita?

Nura_Famasi:
Ƙwarai kuwa Hajiya. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, ya haura naira biliyan 3. Akwai ma wani da aka amince da shi rana ɗaya da shi, Lyfgenia, shi dala miliyan 3.1 ne.

Abu_Hanif:
To Likita na karɓi gyara. Amma ban gane ba, in S ɗin yana nan, me aka gyara ke nan?

Ɗalibin_Zariya:
Yallaɓai bari in gwada, wannan shi ne fannin da nake karanta, Likita ta gyara mini in na kauce.

Kun lura jariri mai SS ba ya nuna komai a watannin farko? Sai ya kai wajen wata biyar ko shida ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa. Dalili shi ne himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ɗan tayi yake amfani da shi a cikin mahaifa, ana ce masa F. Shi wannan ba ya lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rage shi, ya koma yin na manya, wanda a wurin mai SS shi ne mai matsalar. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ita ta fara hango wannan tun 1948.

Abin da ya ɗauki shekaru ana nema shi ne, wa ke kashe F ɗin? Domin ƙwayar gadon da ke yin sa ba ta tafi ko'ina ba, tana nan a jikinmu duka har mu mutu, rufe ta kawai aka yi. A 2007 da 2008 bincike ya nuna wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke riƙe da makullin. Ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ne ya tabbatar da haka, daga baya a 2013 suka gano ɗan wurin da ke tayar da ita BCL11A ɗin a cikin ƙwayoyin jini kaɗai. To wannan ɗan wurin ake yankewa da CRISPR, wata dabarar yanka ƙwayoyin gado kamar almakashi. Da zarar mai gadin ya yi rauni, ƙofar F ta buɗe, jiki ya koma yin jinin jarirai. S yana nan, amma F ya yi yawan da zai hana shi dunƙulewa.

Ni abin da ke burge ni ke nan. Ba a taɓa ainihin kuskuren ba, wanda yake kan kuromosom (ɗaurin ƙwayoyin gado) na 11. An je can kuromosom na 2 an murɗa wani makunni.

LikitaSadiya:
Babu abin gyarawa, ƙanena, Allah ya ƙara basira. Abin da zan ƙara shi ne wahalar da ke ciki, don mutane su daina cewa allura ɗaya. Ana fara yi wa mutum ƙarin jini na makonni. Sannan a ɗebi uwayen ƙwayoyin jini da ke fitowa daga ɓargonsa, wani lokaci sai an maimaita ɗiban. A aika da su inda za a gyara, a jira watanni. In sun dawo, sai a ba shi kimo mai ƙarfi, irin maganin da ake ba masu ciwon daji, mai suna busulfan, don a share tsohon ɓargon. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas, ya yi wata guda ko fiye a keɓe a asibiti. Kuma kimon nan yana iya hana haihuwa har abada, shi ya sa ake ba su shawarar ajiye ƙwai ko maniyyi tukuna.

Zainab_SS_33:
Ni fa in da hali gobe zan shiga, ko da ba zan haihu ba. Wanda bai taɓa jin ciwon nan ba ba zai gane ba. Kamar ana daka ƙashinka a turmi. Na taɓa kwana a benci a wani asibiti ina kuka, ma'aikaciyar ta ce wai na saba da allura ne, ita nake nema. Wannan maganar ta fi ciwon yi mini zafi, har yau ban manta fuskarta ba.

Amma Maman Ilham, ki saurare ni 'yar uwa. Ina ƙarama an gaya wa mahaifiyata ba zan kai ashirin ba. Yau shekarata 33, na yi digiri, ina koyarwa. Abin da ya sauya mini rayuwa ba daga Amurka na je na samo ba, Hydroxyurea ne. Da ina kwanciya sau huɗu sau biyar a shekara, bara sau ɗaya na kwanta. An ɗora Ilham a kansa kuwa?

Maman_Ilham:
An taɓa yi mana maganarsa, Anti Zainab, amma babanta ya karanta takardar cikin kwalin ya ga an rubuta maganin ciwon daji ne, ya ce ba za a ba 'yarsa ba. Folic acid da maganin maleriya kawai take sha.

LikitaSadiya:
Tsoron babanta ba laifi ba ne, iyaye da yawa haka suke ce mini. Gaskiya ne an fara amfani da shi ne a kan wasu cututtukan jini da ciwon daji. Amma ku dubi abin da ɗalibinmu ya bayyana a sama: aikin da Hydroxyurea yake yi wa mai sikila shi ne ɗaga wannan F ɗin. Wato hanyar da maganin biliyan uku yake bi, shi ma ita yake bi, sai dai bai kai shi nisa ba kuma kullum ake sha. Amurka ta amince da shi don sikila tun 1998.

Kuma ba a jikin Turawa kaɗai aka gwada ba. An yi babban gwaji a kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, aka wallafa a 2019: tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har maleriya ta ragu. A nan gida ma an yi wani mai suna SPRING a Kano da Kaduna, da Asibitin Malam Aminu Kano a ciki, tare da Jami'ar Vanderbilt. Yara 220 da awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki aka raba biyu, wasu aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen shanyewar jiki, duka ɓangarorin kaɗan ne suka samu, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Sharaɗin Hydroxyurea ɗaya ne: ba a saye a kemis a fara sha. Likita ne zai auna nauyi, ya riƙa duba jini lokaci lokaci.

Abin da ya fi damuna a kan Ilham ma shi ne, an taɓa yi mata awon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira TCD? Wata 'yar na'ura ake ɗorawa a gefen kai, kusa da kunne, babu allura babu zafi. In gudun jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari. Daga shekara 2 zuwa 16 ya kamata a riƙa yi duk shekara.

Malam_Tukur:
Salamu alaikum. Ni dattijo ne, ba fannina ba ne, amma ina da abin da ya tsaya mini a rai. Wannan yanke-yanken halitta, ba shiga hurumin Ubangiji ba ne? Yau a ce magani, gobe a ce a zaɓa wa jariri launin fata.

Umar_Faruk_Gusau:
Allah ya gafarta Malam, ni ba mai fatawa ba ne, wannan sai malamai. Amma hadisin da ke cikin Bukhari sananne ne, cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A fahimtata akwai bambanci tsakanin gyara jinin mara lafiya da taɓa ɗan tayi. Na biyun ko su masana kimiyyar ba su yarda da shi ba. A 2018 wani masani a ƙasar Sin, He Jiankui, ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye tun kafin a dasa su a mahaifa. Duniya ta yi masa ca, kotun ƙasarsu ta ɗaure shi shekara uku.

Ɗalibin_Zariya:
Haka ne. Kuma a nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe: wanda aka yi wa Casgevy, ɓargonsa kaɗai aka gyara. In ya haihu, S zai ba ɗansa, kamar yadda zai bayar tun farko. Don haka maganar gwaji kafin aure ba ta kau ba.

Malam_Tukur:
To madalla, na ɗan samu natsuwa. Mu a zamaninmu ba mu san wani S ba. Mace ta yi ta haihuwa suna komawa, sai a ce wabi take yi. Yayata ta binne huɗu, duk ba su kai shekara biyar ba, idanu su yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Aka yi ta zargin kishiya har zumunci ya lalace. Sai da jikanta ya kamu aka yi gwaji, muka gane amosanin jini ne. Kishiyar nan ta rasu ba a nemi gafararta ba. Wannan abin yana ci mini rai.

Hadiza_Maraɗi:
Allah ya jiƙansu Baba. Mu ma nan Nijar haka abin yake, akwai cibiyar masu sikila a Yamai amma daga ƙauyukanmu tafiya ce mai nisa. Tambayata, auren zumunci ne ke kawo shi? Don ni da maigidana 'ya'yan wa da ƙani ne, yaranmu biyar, duk lafiya lau.

Bashir_Lab:
Hajiya Hadiza, zumunci ba ya ƙirƙirar S. In babu shi a dangi, babu shi. In kuma akwai, auren gida yana ƙara yiwuwar AS ya haɗu da AS. Amma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake AS, ko daga wata jiha ka ɗauko mata kana iya haɗuwa da shi. Gwaji ne kawai mafita.

Kuskuren da na fi ji a bakin mutane shi ne wai AS da AS in sun haifi huɗu, ɗaya ne zai zama SS, har wasu su ce za mu tsaya a uku. Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu, ba ruwansa da na baya. Na ga gidan da uku a jere duk SS, na ga gidan da shida babu ko ɗaya.

Sadiq_Mai_Shadda:
Malam Bashir, tunda kai ma'aikacin lab ne bari in amayar da abin da ke cikina. Kafin aurenmu mun yi gwaji a wani ɗan lab na unguwa, aka rubuta mini AA, ita AS. Takardar tana nan a cikin akwatina har yanzu. Ɗanmu na biyu yana wata takwas hannayensa suka kumbura kamar an hura, ko taɓa shi aka yi sai ihu. Aka gwada, SS. Na kusa zargin matata, Allah ya tsare ni, likitan ya ce in sake gwaji tukuna. Na sake a wuri biyu, AS nake. Yanzu da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, wa ke sa ido a kan masu gwajin?

Bashir_Lab:
Wallahi Sadiq ba ni da bakin kare wannan, yana faruwa. Wani lokaci kayan aikin sun tsufa, wani lokaci ba a sa samfurin da za a gwada da shi ba, wani lokaci a rikita kwalabe. Akwai kuma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, shi sakamakonsa ba abin dogaro ba ne sai an jira kamar wata uku. Shawarata a yi sau biyu a wurare daban, in da hali ɗaya ya zama na HPLC, na'urar da ke tantance nau'o'in himoglobin dalla-dalla. Kuma jama'a su daina haɗa jinotaif (su AA, AS, SS) da rukunin jini. O da A da B daban, AA da AS daban. Kullum sai wani ya ce mini ai shi O ne, ba shi da matsala.

Ɗan_Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ku ƙara da C, wani nau'in himoglobin da ake gada kamar S, don mu nan muna da shi sosai, musamman mutanen arewacin Gana da Burkina. AS ya auri AC ana iya samun SC, shi ma sikila ne, yana taɓa ido da ƙugu. Nan Kumasi tun 1995 marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwada jarirai da haihuwa, ɗan jini kaɗan daga dunduniya. In an gano da wuri sai a fara ba yaro penisilin da rigakafi kafin ciwon ya nuna kansa. Ƙanwata ta haka aka gano nata.

Abu_Hanif:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa mu? Me ya sa cutar ta fi yawa a baƙar fata?

Ɗalibin_Zariya:
Ba launin fata ba ne yallaɓai, sauro ne. Akwai sikila a Indiya da gabashin Saudiyya da wasu sassan Girka. Anthony Allison ya nuna a 1954, daga aikin da ya yi a gabashin Afirka, cewa mai AS ya fi tsira daga maleriya mai tsanani. To a inda maleriya ke kashe yara, masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa, S ya yaɗu. Kuma abin sha'awa, da yawa daga masu SS na gabashin Saudiyya ciwonsu ya fi namu sauƙi, saboda jikinsu yana barin F da yawa har girma. Irin wannan lura ce ta sa masana suka nace wa F tun farko.

Nura_Famasi:
Ba S kaɗai sauro ya bar mana ba. Akwai ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, matsalar da ta fi kama maza saboda ta wajen uwa take zuwa musu. Mai shi lafiyarsa ƙalau sai ya sha wasu magunguna, ko a sa wa jariri kafur a cikin kaya, jininsa ya fashe, shawara ta kama shi. Iyaye mata don Allah a raba kayan jarirai da kafur.

Hajiya_Kaka:
Ikon Allah, kafur kuma? Mu da muke zuba shi a adaka tun kakanni. To na ji. Amma ku 'yan boko ba ku ce komai a kan na gargajiya ba. Jikana ina dafa masa karan dafi yana sha, kuma ina ganin jininsa yana ƙaruwa.

Nura_Famasi:
Hajiya ba a raina na gida ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta taɓa haɗa wani magani, Niprisan, daga tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da wannan jar dawar da ake samun karan dafi daga gare ta. An gwada shi, an ga alamar yana rage tashin ciwo, sai dai mutanen da aka gwada ba su da yawa. Jan ruwan karan dafi a kofi ba shi ne jini ba, awo ne kaɗai zai nuna ko ya ƙaru. Kada dai a ajiye na asibiti saboda shi, kuma a gaya wa likita abin da yaro yake sha. Ko na Turawan ma ana janyewa in an ga matsala, a Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye wani maganin sikila mai suna Oxbryta daga kasuwannin duniya.

Zainab_SS_33:
Mu koma kan tambayar Maman Ilham. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. Mai sikila ta farko da aka yi wa wannan gyaran a 2019, Victoria Gray, baƙar fata ce 'yar Mississippi, na ga hirarta na yi kuka don murna. Amma mu da muka fi kowa buƙata, yaushe zai iso mu? Jininmu ne ake nazari a kai.

LikitaSadiya:
Zainab, ko kyauta aka ba mu shi yau, sai mun tanadi inda za a yi: ɗakin keɓewa mai tsafta, bankin jini mai ƙarfi, wuta ba ɗaukewa, ma'aikatan da suka ƙware. Irin kayan da dashen ɓargo yake buƙata ne. Shi dashen an fara yin sa a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, yana warkarwa, amma ya fi kyau in an samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsu ya dace, kuma shi ma da haɗarinsa. Masu bincike suna ƙoƙarin samo hanyar da za a yi gyaran a cikin jiki kai tsaye ba tare da kimo ba. In wannan ya tabbata, shi ne zai yi mana amfani.

Abu_Hanif:
Ni dai har yanzu ina ganin gwaji kafin aure ya fi duk wannan. A toshe tun daga tushe.

Zainab_SS_33:
Yaya Abu Hanif, ban ƙi ba, ni ma ina wa'azinsa. Amma mu da aka riga aka haifa fa? Ilham tana nan, shekararta tara.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, na karanta komai har sau biyu. Filin na fasa sayarwa. Na nuna wa babanta bayanin Likita da na Anti Zainab, ya yi shiru, ya ce ranar Litinin tare za mu je asibitin ya yi tambayoyinsa da kansa. Awon kan nan ba a taɓa yi mata ba, yau na fara jin sunansa. Likita, in mun je me zan ce musu daidai? Kuma tana da ƙane ɗan wata huɗu da ba mu gwada ba, tsoro ya hana ni. Ya yi ƙanƙanta, ko in tafi da shi?

LikitaSadiya:
Ki tafi da shi, bai yi ƙanƙanta ba, ki ce a yi masa na HPLC saboda shekarunsa. Ita kuma ki ce kina son a yi mata TCD, a kuma duba ko za a fara mata Hydroxyurea. Ki riƙe katinta da takardar sallamar kwanciyar nan ta ƙarshe, za su so ganin ranar da aka ƙara mata jini.

Hadiza_Maraɗi:
Likita, mu na wannan ɓangaren fa, ana yin awon kan a Maraɗi ko sai mun je Yamai?